Bijimin Admin Yana Ɗaure a Turken Babana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da damina. Admin ka taimaka ka ɓoye sunana, don wanda zan kawo ƙararsa shi ma admin ne a wani guruf ɗin, kuma ƙauyukanmu ƙanana ne, da na faɗi unguwa an gane ni. Shawara nake nema wurinku don girman Allah, amma gara in faɗi gaskiya tun daga farko, zuciyata ramuwa take so, kuma abin ramuwar yana ɗaure a ƙofar gidanmu yanzu haka yana tuƙa.

Ni manomi ne, ina zaune da mahaifina a wani ƙauye tsakanin Dangora da Yako. Muna da wani guruf na waya na manoma da makiyaya, mutanen Kiru da Bebeji da Tudun Wada har Doguwa duk suna ciki. Ana tallar iri, ana tambayar maganin tsutsar masara, amma abin da ya tara jama'a a cikinsa shi ne cigiya. Dabbarka ta ɓata, ka danna ka yi magana da bakinka, ka ce jar akuya ce mai farin goshi, ta tsinke a wuri kaza, kafin ka sa takalmi wani ya amso daga wani gari ya ce ga ta nan a gindin ɗorawa. Da Hausa ake yi, wani ya yi da Fulatanci wani ya fassara. Rabin mutanen ciki ba sa karatun boko, Babana yana cikinsu, shi da ajami yake rubutu, amma ya san inda zai ɗora babban yatsa ya yi magana, kuma wallahi ya fi ni bin guruf ɗin.

To da rani aka yi wata rigima, wani ya yi saƙon murya ya kira sunan wani ya ce shi ke kwashe awakin mutane, ashe ƙarya ce, har sai da magana ta kai gaban dagaci. Ban ce ba a yi laifi ba, an yi. Amma maimakon a fitar da mai laifin, sai babban admin ɗinmu, bari in kira shi Sagir duk da ba sunansa ba ne, ya tashi rana ɗaya ya kulle guruf ɗin gaba ɗaya. Ba mai magana sai admin. Ya rubuto doguwar sanarwa mai lamba ɗaya, lamba biyu, wai daga yau an soke saƙon murya, mai cigiya ya turo masa a rubuce, haɗe da hoton dabbar, da sunan mai unguwar da zai shaida cewa tasa ce. Wai yana so guruf ya zama mai tsari. Shi Sagir ya yi karatu a birni, ko gona zai shiga sai ya naɗe ƙafar wando sau biyu, komai nasa tsari ne.

Jama'a sun yi kuka. Wasu suka fita cikin fushi, wasu suka buɗe nasu guruf ɗin har guda uku, kowanne mutum talatin, duk 'yan gari ɗaya, cigiyar da ba ta wuce ƙofar gidanka ba ina amfaninta. Wani dattijon makiyayi har shagon mai gyaran waya ya je a Dangora, wai wayarsa ta lalace, wurin magana ya ɓace. Babana kuwa kwana biyu yana danna wurin, da na yi masa bayani sai ya ce, "To su waɗanda ba su iya rubutun ba, dabbarsu ba ta ɓata ne?" Daga ranar ya jefa wayar a aljihun tsohuwar rigarsa bai ƙara neman caji ba. Ni na kira Sagir na ce ya duba lamarin, ya ce mutanenmu ba sa son ci gaba ne kawai, za su saba.

Muna da shanun huɗa guda biyu, Fari da Baƙin-wuya, Baba ne ya hore su da hannunsa tun suna maruƙa. Makonni uku da suka wuce, ruwa ya sauka da rana da iska mai ƙarfi, tsawa ta firgita Baƙin-wuya ya tumɓuke turke ya yi gabas. Muka bi sawu har ruwa ya shafe shi. Nan take na yi wa Sagir saƙon murya, ina haki, na siffanta masa san tsaf. Ya amso da rubutu, wai doka ba ta san kowa ba, in rubuto. Na rubuta. Ya ce saura hoto. Jama'a don Allah wa yake ɗaukar hoton sansa? Shi kansa Baba hotonsa ɗaya ne a duniya, na jikin katin zaɓe. Na bincike wayata kaf, na samo wani hoton bikin suna da gindin san ya fito ta bayan mutane, ya ce wannan bai nuna fuska ba, amma zai yi mini alfarma, saura mai unguwa. Mai unguwa kuma ya tafi ta'aziyya Doguwa, wayarsa ba ta shiga. Sai rana ta uku cigiyar ta fito, a rubuce, da lamba ɗaya da lamba biyu.

A ranar da yamma wani bawan Allah daga Burumburum ya kira ni, ɗansa ne ya karanta masa cigiyar. Ya ce ya ga san da idonsa tun washegarin ruwan, a bakin hanya, shi ya ma kama shi ya ɗaure a gindin mangwaro ya ba shi ruwa. Ya ce ya ɗauko waya zai yi cigiyar tsintuwa ya tarar ba wurin magana. Kafin ya kai shi gidan mai unguwarsu wasu mutum biyu suka zo da mota suka ce nasu ne, suka faɗi kamanninsa, ai ga shi a gabansu, suka loda shi suka tafi. Mutumin yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin, yana cewa da ya ji muryata ko sau ɗaya da ba mai taɓa igiyar nan. Na kira Sagir na gaya masa, na kuma gaya masa maganganun da ba zan rubuta su nan ba. Ya ce ƙaddara ce, kuma ya kamata wannan ya zama darasi, kowa ya ɗauki hoton dabbobinsa ya ajiye. Har sanarwa ya yi a kan hakan, da sunan ƙauyenmu a matsayin misali. Wallahi ranar da yana kusa da ni da yanzu wani labarin nake ba ku.

Wanda ba manomi ba ba zai gane ba, sa ɗaya ba ya jan garma. Karkiya wuya biyu take so. Fari yana nan lafiya lau, amma ba shi da amfani shi kaɗai. Mun nemi aro, kowa yana kan tasa gonar, wanda ya ce mu jira sati sai satin ya zama biyu. Mun gwada haɗa shi da wani ɗan maraƙin maƙwabcinmu da ba a hora ba, kunyar da suka yi ko maciji ya fi ta miƙewa, ƙarshe maraƙin ya kwanta a tsakiyar gona ya ƙi tashi. Masarar mutane ta kai gwiwa, babbar gonarmu tana nan shimfiɗe ciyawa na cin ta. A nan abincin gidanmu na shekara yake fitowa, in sati mai zuwa ya wuce ba mu shuka ba, bana sai dai mu kalli na wasu.

Shekaranjiya Talata da hantsi na je gonar, sai ga wani jan bijimi a tsakiyarta yana kiwo, da guntun igiya a hanci, wuyansa da kantar karkiya, ka san horarre ne. Ƙahon hagu ya ɗan karye a baki, kunnen dama a tsage. Na kama shi na kawo gida na ɗaure a turken Baƙin-wuya, don shi ne babu kowa. Ban gama wanke hannu ba wayata ta yi ƙara. Saƙo ne a guruf, daga Sagir. Ku ce mini wane iri? Saƙon murya! Minti huɗu cur, yana haki kamar yadda na yi, babu hoto, babu mai unguwa, babu lamba ɗaya. Wai san mahaifiyarsa ne ya tsinke, wanda kawunsa yake yi mata huɗa da shi, jan bijimi, ƙahon hagu a karye, kunnen dama a tsage. Na saurara ina kallon kunnen. Na sake saurara. Ban san sanda na yi dariya ba, irin dariyar da matata ta leƙo ta ce lafiya.

Tun daga ranar sau uku yake sako muryar a yini, jiya har muryarsa ta dishe. Kuma da yake shi ya kulle bakin kowa, ba wanda zai iya cewa a guruf na ga wane yana jan sa zuwa gida, yawancin waɗanda za su gani ɗin ma sun daina buɗe guruf ɗin. Ni kuwa duk sanda ya sako sai in je in zauna kusa da san in kunna masa, ya ji ana nemansa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji.

Matsalar ita ce Baba. A wurinmu dabbar tsintuwa amana ce, ranar da ka kama ta ranar za ka sanar da mai unguwa, a yi cigiya a masallaci da kasuwa, za ka ciyar da ita ka shayar da ita, amma ba ka sa ta aiki, ko tatsa ba a yi in saniya ce. Wanda ya ɗora wa san tsintuwa karkiya, sunansa ɓarawo har jikokinsa. Baba bai san na wane ne ba, tunda ya bar waya. Ya tambaye ni ko na sanar, na ce na sanar, ƙarya na yi masa, kuma ban saba ba. Dusa da kanwar da ya ajiye wa Baƙin-wuya su yake ba shi. Jiya na same shi tsaye tsakanin shanun biyu yana kallonsu, ya dafa tozon wannan ya dafa na wancan, ya ce, "Ikon Allah, kafaɗarsu ɗaya." Sai ya yi sauri ya juya ya shige gida kamar wanda ya faɗi abin kunya.

Abin da zuciyata ke raya mini shi ne in ce wa Baba an samu mai san, kuma ya ce mu yi huɗa da shi kafin ya zo ɗauka. Zai yarda, don aron sa ba baƙon abu ba ne. Safiya uku ta ishe mu gama gonar, daidai kwana ukun da Sagir ya riƙe cigiyarmu, sannan in kira shi in ce ya turo a rubuce, da hoto, da mai unguwa. Wani abokina da na gaya wa ya ce ko minti ɗaya kar in ɓata, Allah ne ya kawo mini sakayya har gida, in ba haka ba me ya sa san bai shiga gonar kowa ba sai tamu. Matata kuma ta ce in ji tsoron Allah, san ba na Sagir ba ne, na tsohuwa ne, ita me ta yi mini, kuma in magana ta fito ba ni za a kira ɓarawo ba, Baba za a kira, mutumin da ya tsufa ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na ce mata shi Baba me ya yi wa Sagir? Tun jiya dai ba ta kalle ni da kyau ba. Akwai kuma abin da ke ci mini rai a cikin dabarar tawa, in na yi ƙaryar nan Baba zai ɗaga hannu ya sa wa mai san albarka, ni kuma ina tsaye in ce amin.

Na yi tunanin in kira shi in ce sansa yana hannuna, ba zan sake shi ba sai ya buɗe guruf kowa ya yi magana kamar da. Wannan ko ba komai jama'a za su amfana. Amma na san halinsa, zai buɗe yau ya karɓi sansa, jibi ya kulle ya ce na yi garkuwa da dabba, gonarmu kuma tana nan yadda take.

Yau da safe na fito na tarar Baba ya ɗauko tsohuwar garmar hannu da ya rabu da ita tun kafin in yi aure, ya saɓa a kafaɗa. Ya wuce ta gaban shanu biyu suna tsaye ba aikin komai, ya nufi gona zai fara huɗa da hannu, mutumin da sai ya dafa bango yake miƙewa daga sallah. Na bi shi na karɓi garmar, na ce Baba ga shanu nan. Ya kalle ni ya ce, "Sa ɗaya gare mu. Wancan mai shi yana can ya kasa cin abinci, ni na san yadda abin yake." Ya ce tunda shiru ba wanda ya zo, gobe bayan sallar Juma'a shi da kansa zai miƙe a masallaci ya yi cigiya da bakinsa, don nan dai ba a kulle ba. Mun yi kunya shida kafin bayansa ya riƙe, na dawo da shi gida a kan mashin, yanzu yana kwance.

To jama'a, daga yanzu zuwa azahar ɗin gobe ne kawai nake da shi. In yi wa Baba ƙaryar in ɗaura karkiya mu ceci gonarmu? In riƙe san har sai an buɗe guruf? Ko in kwance shi in kai wa tsohuwar da hannuna, in dawo in ci gaba da huɗa da garmar hannu, Sagir ya kwana da daɗi bai ɗanɗani komai ba? Masu cewa in yi haƙuri, na ji, amma ku haɗa da gaya mini abin da za mu ci bana. Kai kuma admin, don Allah ka saki wannan yau ɗin nan, kar ka ce sai na turo hoto.