Muryar Inna a Lasifika

Dutsin-Ma

Ƙanwata Hussaina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna? Albishirinki, garin ganyen zaƙin nan da nake ƙullawa ya karɓu! Tunda na sa muryar Inna a lasifika tana cewa, "Na sha na warke, na bar maganin asibiti," masu ciwon suga har layi suke yi. Kar ki fara mini wa'azi, talla ce kawai. Ga ƙullin kokonta nan. Ki gaida mutanen gida.

Yayanki,
Mas'ud

Rawayau

Yaya Mas'ud,

Wa'alaikumus salam, da fatan kana lafiya. A wurinka ne take talla. Tun ranar da ka ɗauki muryarta Inna ta ajiye ƙwayoyinta. Na lallasa, na yi kuka, ta ce ba za ta tsufa da ƙarya a baki ba, kuma ba za a kira ɗanta maƙaryaci a kasuwa ba. Tunda ta faɗa, sai ta cika.

Likita ya ce ganyen ba guba ba ne, madadin sukari ne, amma ba ya warkar da komai. Gyambon ƙafarta ya fara wari, Yaya. Ni ba ta jin tawa. Don Allah ka zo ka ce mata ta koma wa maganinta, daga bakinka take so ta ji. Wallahi ina jin haushinka.

Ka huta lafiya,
Hussaina

Dutsin-Ma

Hussaina,

Salamu alaikum, ina gaida Inna. Kai, kin cika zuzuta abu! Ni ma ta kaina nake yi. Jami'an hukuma sun zo, wai kayana ba rajista, kuma ko na samu, abin zaƙi zan kira shi, ban da magani. To wa zai saya? Na kashe wayata, na koma bayan 'yan hatsi da lasifikata. Bari in karkaɗe kayan nan, in an ci kasuwa zan zo. Kuma da wane ido zan dube ta in ce ƙarya na sa ta?

Sai na zo,
Mas'ud

Rawayau

Yaya,

Salamu alaikum. Mun kai Inna makwancinta jiya bayan azahar. An yi ta kiran wayarka.

Masu gaisuwa da suka biyo ta kasuwarku yau sun ce sun ji ta tana cewa ta warke. Ba sai ka zo ba. Ka kashe lasifikar nan, ka bar uwata ta yi shiru.

Wassalam,
Hussaina