Kafin A Sayar Da Gonar Miri

Zuwa ga Babban Likitan ɗakin masu rauni a kai,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri.

Ni ce matar mutumin da ke gadon kusa da taga, wanda babur ya kayar a hanyar Miri, har yau bai buɗe ido ba. Kullum kuka zo zagaye sai a kori masu jinya, a bar babba namiji. Shi ya sa Baffa, yayan mahaifinsa, ya ji bayaninka a madadina. Baffa kuwa ba ya yi wa likita tambaya, a wajensa rashin kunya ne. Ya fito ya ce akwai wani ɗaki a wani gari da ake rufe mutum a ciki, a matsa masa iska, ƙwaƙwalwa ta farfaɗo. Iyakar abin da ya riƙe ke nan, kuma a kan haka ya fara neman mai sayen gonarmu.

Raina ya ɓaci, amma son sani ya fi ɓacin ran yawa. Ga tambayoyina.

Na ɗaya, me ya bambanta wannan iskar da wadda kuka riga kuka sa masa a hanci?

Na biyu, wata ma'aikaciyar jinya ta ce matsin yana sa ciwon kunne. Mutumin da ba ya magana, ta yaya zai ce a tsaya?

Na uku, farkar da mutum yake yi, ko raya shi kawai a kwance? An tabbatar, ko har yanzu gwaji ake yi? Idan ba a sani ba, ka ce ba a sani ba, zan iya ɗauka.

Matambayi ba ya ɓata, amma sai an bar shi ya shiga ɗaki. Ina roƙon gobe ka ce a ƙyale ni, Baffa ya zauna a kujerarsa da girmansa, ni in tsaya a gefe in yi tambaya.

Damina ta matso, mai saye yana jira. Idan baban Hafsatu ya farka, gonar nan zai fara tambaya, kuma ni zai kalla, ba Baffa ba.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa albarka a hannunka.

Wassalam.
Maman Hafsatu, daga benci na bakin ƙofa.