Murfin da Ya Tafi da Yatsun Yaya

Anti,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Ya yara? Mu da sauƙi, kar ki tada hankali.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na so injiniyan da Yaya ke aiki a ƙarƙashinsa a kamfanin gas. In na kai abinci shi nake satar kallo, sak na cikin littattafaina. Ya taɓa nuna min fallen da suke naɗewa cikin bututu, bai kai ɓawon albasa kauri ba, yana tace iskar kabon daga gas.

Shekaranjiya ina tsaye da kula injiniyan ya daka wa Yaya tsawa: "Buɗe mana, malam! Sai ka jira iska ta sauka?" Yaya na buɗe bututun, murfin ƙarfensa ya tashi kamar harsashi, ya tafi da yatsun Yaya. Jini har a mayafina. Yanzu injiniyan ya ce gangancin Yaya ne, za su kore shi.

Ni kaɗai na ji, kuma kin san bakina a gaban mutane. Don Allah ki zo ki tsaya kusa da ni in faɗa wa manyan kamfanin.

Yaya ya ce kar gida su ji. Direba zai tashi anjima. Zan ba shi takardar nan.

Ƙanwarki