Bakin Habibu a wurin suna

Sani ɗana,

Kafin gaisuwa, cinko mini wannan: mi ke shayar da unguwa duka, shi kuwa ya kwana rataye a bushe?

Ina gajiya? Yaya Binta da yara, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Ƙofar Sauri sai godiya.

Angon nawa, ɗanka Habibu, ya zo hutu daga karatun likita. Na ce, "Maigida, ina tsarabata?" Ko murmushi babu. Nama ya daina ci, wai yana tuna masa ɗakin gawa.

Ranar Lahadi na ja shi sunan maƙwabta. Aka miƙa masa jariri. Ya daɗe yana kallonsa, maimakon "Allah ya raya" sai ya ce, "Allah ya jiƙansa." Shi bai ma san ya faɗa ba. Har yau muryar nan tana kunnena.

Sojoji ma sun gaji da mulki sun koma bariki, balle yaro. Ka daina tambayarsa jarrabawa, ka bar mini shi ya huta. Ku sa shi a addu'a. Ka gaida Binta.

Amsar kuwa, guga ne.

Innarka