Tsagar Lagireton Wakil

Litinin, 7 ga Afrilu
Yau na kama Babarbarena. Wakil ya ajiye motarsa gefen rumfar da nake wankin mota, ya shiga shagon hulunansa. Na zagaya na kwarara rabin bokiti a ƙarƙashin injin, na ruga ina cewa, "Bawana, lagireto ya fashe!" Ya fito hula ɗaya a kai, biyu a hannu. Har da ƙwala wa Lazarus mai gyaran lagireto kira daga tsallaken titi. Lazarus ya tsuguna ya dangwali ruwan, ya ce tunda yake bai taɓa ganin lagireto mai kumfar omo ba. Duk layin sai dariya. Wakil ya ce zai kai ni kasuwar dabbobi, ko darajar akuya ba zan yi ba. Bafulatani da Babarbare, haka muka tarar. Ya girme ni nesa, amma a wasan nan ba babba.

Laraba, 9 ga Afrilu
Abin dariya. Ko kuma ba na dariya ba. Ina wanke masa injin sai na ga wani farin layi a kan robar lagireton, dab da wuyan da tiyo ke shiga. Siriri kamar gashi. Na tayar da motar, da ta ɗau zafi sai layin ya fara tsartuwa. Na je na faɗa masa. Ko kai bai ɗago ba. "Yau da wane sabulu ka yi?" Na ce wallahi. Ya ce wallahin Bafulatani ai sai an tace ta da rariya.
Ban taɓa haɗa sunan Allah da wasa ba, allo ya hana ni wannan. Amma shi ina ya sani.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na jawo Lazarus ya duba. Ya ƙwanƙwasa robar da farce, ya ce ta dahu, shekaru sun cinye ta. Wai na ƙarfe na da ana yi masa walda ya koma aiki, wannan kuwa in ka liƙe nan gobe can ya buɗe. Cikin gari liƙi zai ɗan riƙe. Doguwar hanya, a canza kawai. Wakil ya dube mu ya ce, "Nawa ya ba ka, Lazarus?" Ya ɗauka haɗa baki muka yi. Lazarus ya tsallaka abinsa, ya ce shi bai gaji wasanmu ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Yau na ji abin da ya hana ni cin abinci. Alhamis mai zuwa Wakil zai kai mahaifiyarsa, Ya Falmata, garinsu, can gaba da Biu. Da matarsa da yaran. Tun da suka gudo Gombe ba ta koma ba, yanzu yayanta ba lafiya, ta ce sai ta gan shi. A wannan motar.
Na sha jin direbobi a rumfata suna maganar hanyar. Ba wanda ke tsayawa ko fitsari. Kowa so yake ya fita daga dajin da sauran rana.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Ya gani da idonsa, ruwa ya ragu. Na ce alhamdu lillahi. Ashe gam ya sayo, ya kwaɓa da toka, ya liƙe wurin. Ya kira ni yana nuna min, wai ga aikin mutanen da suka yi sarauta lokacin da kakannina ke bin jelar saniya. Ya ce abin da zai kashe a sabon lagireto ya tafi a tsaraba, ba zai shiga garinsu hannu biyu ba bayan shekarun nan.
Na tambayi Lazarus a gefe. Ya ce hawan Biu, da kaya, da zafin nan? Bai ƙarasa ba. Ya ce in allurar zafin inji ta hau a daji, ko dai ka tsaya, ko injin ya tsayar da kai.

Litinin, 14 ga Afrilu
Na je gidansu a nan Tudun Wada. Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa gaban Ya Falmata, abin da ban taɓa yi ba. Na ce Iya, ki hana shi tafiya sai ya canza abin nan. Ta yi dariya har da tari. "Fulata ya durƙusa. Yagana, zo ki ga bawanmu ya san gidan iyayengijinsa." Yagana matar Wakil ta kawo min shayi tana ƙunshe baki. Na sake faɗa, a hankali. Suka ƙara dariya, wai na iya fuskar tausayi.
Da zan fita tsohuwar ta ce, ba da ni take ba ma, dajin nan ta san shi da ƙafa, ba ta fatan ta sake saninsa. A cikinsa suka rabu da ƙanen Wakil, har yau.
Ƙaramar 'yarsu ta bi ni har ƙofa tana "bawanmu, bawanmu". Kujerar baya za ta zauna, kusa da taga.

Talata, 15 ga Afrilu
Na yi.
Ya kawo ta wankin tafiya da hantsi. Na ɗaga bonet na ce Yaya Wakil, zo ka gani. Ko wannan yayan bai sa ya lura ba. Na ɗora gindin sifana a wuyan lagireton, gefen liƙinsa, na danna. Wallahi ban sa ƙarfi sosai ba. Ƙas, kamar ƙuli-ƙuli. Wuyan ya cire gaba ɗaya, ruwa ya zubo har kan ƙafata. Yanzu ba gam ɗin da zai kama shi.
Na jira zagi. Na jira mari ma. Ya daɗe yana kallon ruwan yana bin kwata. Sai ya ce, "Na gode, Malam Bappayo."
Malam. Shi da yara suka tura motar zuwa wurin Lazarus. Na sa hannu a but, ya ce in bari, kar in wahala.

Laraba, 16 ga Afrilu
Lazarus ya sa wani, na Beljiyam. Na ga Wakil ya mayar da buhun shinkafar tsaraba shagon da ya saya. Ya wuce rumfata ya yi min sallama cikakkiya, irin ta baƙo.
Matiyu mai Keke Napep ya ce na wuce gona da iri, wataƙila da liƙin ya kai su. Wataƙila. Wannan wataƙilar ce ke cina. Kuma na Beljiyam ɗin ma ai tsoho ne a wani wuri. In shi ya ba da su a hanya, ni na sa aka ɗaura shi.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Sun tafi bayan asuba. Ban je sallama ba. Guntun wuyan yana aljihuna, ban san me ya sa na tsince shi ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Wayarsa ba ta shiga. Ta Yagana ma. An ce can ba sabis sosai. An ce. Duk motar da ta shigo da ƙurar hanya sai na tambayi direban daga ina. Na wanke wa wani mutumin unguwar Federal Low-Cost mota na manta gefe guda, ya yi ta faɗa, ban ji rabi ba. A masallaci na karanta duk abin da na haddace.

Asabar, 19 ga Afrilu
Wajen la'asar baƙuwar lamba. Hannuna jiƙe, da ƙyar na danna.
"Kai, bawa." Muryar Wakil. Sai na zauna a kan bokiti.
Wai ya hau wani tudu ne ya ari waya. Sun isa tun Alhamis da rana tsaka, allura ko motsi. Tsohuwa ta ga yayanta. Ya ce in tanadi wuyana, in ya dawo zai rataya min guntun robar nan kamar saniyar da ta cika ɓata, kuma wanki kyauta har in mutu. Na so in rama, ina da amsa uku a baki. Abin da ya fito kawai, a gaida Iya.
Ya ce, "Lafiyarka kuwa?"
Ɗazu Matiyu ya yi barci a kekensa, baki buɗe, makulli a jiki, takalmi a ƙasa. Na tsaya na dube shi sosai. Da a da ne, da tuni na ɓoye masa su. Sai na tashe shi na ce ya cire makullinsa.
Zafi ne ya yi yawa yau, shi ya sa.