Ɗinki a Maƙogwaron Ɓera

Litinin, 3 ga Maris
Wani ɓeran ya sake mutuwa a hannuna. Na yanke bututun numfashinsa na haɗe da ɗinki, irin aikin da muke so a iya yi wa jariran da maƙogwaronsu ya tsuke. Ya farfaɗo yana numfashi da fito, kafin la'asar ya ce ga garinku. Farfesa ya leƙo ta kafaɗata: "Likita, hannunki ya yi ƙarfi. Sassauta zaren." Ni zai koya wa ɗinki? A gindin keken ɗinkin Mama na girma.

Laraba, 5 ga Maris
Wai in wata ya ƙare a haka Farfesa zai ba wani aikin, ni in koma miƙa wa mutane almakashi a ɗakin tiyata. Mu zuba mu gani.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ya zo gida. "Likitar ɓeraye! Akwai majinyata a bayan buhunan shagona, yaushe za ki zo dubiya?" Har Mama sai da ta dara. Ni ban yi ba. Bai taɓa tsayawa a kan jaririn da ke kokawa da numfashi ba, uwar tana kallon bakinka.

Talata, 11 ga Maris
Bututun numfashin ɓera fa bai fi bututun cikin biro kauri ba. Zobban guringuntsi ne a jere, amma ba su rufe ba. Ta baya 'yar fata ce mai laushi, manne da hanyar abinci. Ina yarinya duk ɗinkin da ya yi sako-sako Mama warware shi take, in sake. Na yau na ɗame shi tam, iska ba ta tsira ko kaɗan. To me kuma ake so?

Alhamis, 13 ga Maris
Ya mutu. Zaren ne ba shi da kyau, na tabbata.

Litinin, 17 ga Maris
Na buɗe gawarsa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu bayan kowa ya tafi cin abinci. Wurin ɗinkin ya tattare ta ciki kamar bakin jakar da aka zuge. Na daɗe zaune. Raina ya ɓaci, ban ma san da wa ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Wanda na ɗinka ranar Laraba yana nan, sai ci yake kamar ba shi aka yanka ba. Na kara kunne a jikin keji, ba fito.
Farfesa ya ce, "Me kika canza?"
Na ce, "Zare, ranka ya daɗe."
Ya ɗauki kwalin zaren ya juya shi, na da ne dai. Ya ajiye ya wuce.
Ba sassautawa na yi ba. Kawai dai ban ja sosai ba.