Rigar Lamba Tara

Birnin Kudu, 3 ga Yuni

Zuwa ga Munzali Lamba Tara,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya damina? Na bugo wayarka har na gaji, shi ya sa na ba direban Sara wannan takarda.

Ƙungiyarmu Damisar Kudu za ta cika shekara talatin, an ɗora mini rubuta tarihinta, wai ni ne tsohon sakatare. Na rubuta yadda direbobin tasha suka kafa ta, da kofin jiha biyu da muka ɗauka, da shekara huɗun da muka yi a gasar ƙwararru kafin mu faɗo. Saura shafinka: ƙwallon da ka ci a 2003, wadda ta haye da mu gasar ƙwararrun. Ni a rediyo na ji kamar kowa, zazzaɓi ya hana ni bin ku. Rubuto mini yadda aka yi.

Naka, Ishiyaku.

Sara, Gwaram, 9 ga Yuni

Ranka ya daɗe Sakatare,

Wa alaikumus salam. Damina sai godiya, ni da ciwon baya muna ta fama.

Na gaji, Malam. Shekaru ina ba da labarin nan a majalisa har ya fara gundura ta, amma ba zan iya sa shi a takarda ba. Ba ni na ci ba.

Ka san riga goma sha ɗaya gare mu, wanda ya fita sai ya tuɓe wa mai shiga. Gwiwata ta goce kafin hutun rabin lokaci, koci ya ce in ba Barau ɗan benci rigata, ga shi katinsa na rajista bai fito ba. Shi ya ci. Mai rediyo lamba ya gani, ya kira sunana. Da an gane, da an ƙwace makin, sai duk muka yi shiru. Muka dawo gari aka ɗauke ni a kafaɗa, Barau yana biye da jakar takalma.

Ka sa sunansa. Ka huta lafiya.

Munzali.

Birnin Kudu, 15 ga Yuni

Munzali,

Bayan gaisuwa. Takardarka ta ɓata mini rai matuƙa. Idan na sa sunan Barau, na shaida wa duniya da hannuna cewa da maguɗi muka haye. Me ya rage wa Damisa in ban da ranar nan? Fili ya zama wurin shanyar dawa, yaran yanzu ƙungiyoyin Turai kawai suka sani. Bari ba shegiya ba ce, Munzali.

Ka kuwa san Barau yana kwance a asibiti wata guda ke nan? Ƙoda ce.

Allah ya sa mu dace.

Ishiyaku.

Sara, 19 ga Yuni

Malam,

Ina gaisuwa. Wallahi ban sani ba. Rabona da shi tun sunan 'yarsa Lailatu, kunyar haɗa ido da shi nake ji. Ni da kai ba mu da ta cewa a nan. Kai masa takarduna ka karanta masa, abin da ya yanke shi ke nan.

Allah ya ba shi lafiya.

Munzali.

Birnin Kudu, 22 ga Yuni

Munzali,

Salamu alaikum. Na karanta masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a bar sunanka, kada a taɓa wa gari abinsa. Sai dai ya ce in faɗa maka: "Kullum sai Munzali ya ce da ka aka ci ƙwallon. Da ƙafar hagu ce, daga wajen yadi na sha takwas. Ya gyara wannan kawai."

Na gyara a littafin. Ka bar noman nan ka zo gobe, kada ka jira Juma'a. Likita ya ce a kira 'yan'uwa.

Wassalam,
Ishiyaku.